Musayar Waƙa a Kan Awon Raunin Ƙasashe da Makomar Tattalin Arzikin Najeriya

Sarkin Alƙalami:
Assalamu alaikum. Cibiyar Fund for Peace ta Amurka tana fitar da jerin ƙasashe masu rauni tun 2005, tana auna su da ma'aunai 12, kuma a 2024 ta ajiye Najeriya ta 15 cikin waɗanda suka fi rauni.

An ɗora ƙasarmu kan ma'auni,
An ce ta sha biyar ce a rauni,
Wanda ya bar gona don 'yan bindiga,
Shi ne shaida, ba ya neman bayani.

Uwar Baiti:
Malam, awo ɗaya ka karanta, ba biyu ba,
Fitch ta ɗaga darajarmu, ba ka ji ba?
Moody's ta bi sahunta a watan Mayu,
Matatar Dangote na tace mai, ba ka gani ba.

Fitch da Moody's kamfanoni ne masu auna ƙarfin ƙasashe na biyan bashi. A 2025 aka yi duka biyun, Fitch a Afrilu, Moody's kuma ta kai mu matakin da take kira B3.

Baba Mai Tahamisi:
Allah ya ƙara basira, Hajiya. Ke kaɗai ce a nan kike faɗin alherin ƙasa ba tare da jin nauyin kowa ba.

Sarkin Alƙalami:
Hajiya, don masu ba da bashi ake wannan awo,
Tambayarsu ɗaya ce, kuɗinsu zai dawo?
An cire tallafin mai a watan Mayun 2023,
Faɗa mini sauƙin da darajar ta kawo.

Ɗan Ƙwar Biyu:
Malam, ka yi mini afuwa, ɗango na uku ya karye, domin idan aka furta shekarar gaɓoɓinsa sun ninka na sauran, kuma mai rerawa ba zai kai ƙarshensa da numfashi ɗaya ba.

Sarkin Alƙalami:
Na yarda ya yi tsawo, amma ɗangon farko na Hajiya ma ya ɗingisa, ba ka ce komai ba. Ba zan cire shekarar ba, don a ranar da aka rantsar da Shugaba Tinubu aka yi sanarwar.

Ɗan Ƙwar Biyu:
Nata gaɓa biyu ne suka ƙaru, naka kuwa ya fita daga kari gaba ɗaya.

Uwar Baiti:
Ku bar kari, ku dubi Libiya,
A 2010 awon bai sa ta sahun gaba ba,
Shekara guda sai ga ta a yaƙi,
Malam, mai awonka bai hango ba.

Gwani Na Baya:
Na makara, amma ga nawa. Hauhawar farashi ta kai kashi 34.80 cikin ɗari a Disamban 2024, sai Hukumar Ƙididdiga ta sauya shekarar da ake kwatanta farashi da ita, ta ba da 24.48 a Janairun 2025.

Hajiya, lissafi ya sauka a takarda,
Uwar gida ta je kasuwa ba ta yarda,
Ta ƙirga kuɗin hannunta sau biyu,
Ta rage abin da za ta saya da kunya.

Ɗan Ƙwar Biyu:
Gwani, "kunya" ba ta amsa "takarda" ba, sai ka sake ɗangon ƙarshe.