An jona bututun masai da lambatun ƙofar gida: wa ke da hurumin hanawa?

Mazaunin Idi-Araba, Legas:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Sokawen gidan da nake haya ya cika tun kafin damina, amma maimakon mai gidan ya kira motar yasa, sai ya sa aka jona bututu daga masai zuwa lambatu, ana buɗe shi duk daren da aka yi ruwa. Kowace safiya yarana sai sun tsallake wannan baƙin ruwan kafin su tafi makaranta, ga rijiyarmu kuma dab da wurin. Shin doka ta yarda da haka, kuma ina ake kai kuka?

Malamin makaranta daga Agege:
Wa alaikumus salam, Malam. Doka ba ta yarda ba. Don ruwan sama aka gina lambatu, kuma babu inda ake tace abin da ya kwaso: daga ƙarami ya faɗa babbar magudana, daga nan ya zarce tafkin Legas, inda masuntan Makoko ke kama kifin da muke saye. Hukumar kare muhalli ta jihar Legas, wato LASEPA, wadda aka kafa a 1996, ita ke bin masana'antun da ke sako gurɓataccen ruwa, yayin da ofishin jihar mai lura da ƙazantaccen ruwa, wato LSWMO, ke kula da ruwan masai da wuraren juye shi. A tarayya akwai hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli, wato NESREA, tun 2007, sai dai maganar gida ɗaya ba sai ta kai can ba. Ka fara da duba-garin ƙaramar hukumarku ta Mushin, waɗanda Yarabawa ke kira wole-wole, ka tafi musu da hoton bututun.

Direban motar yasa:
Gaskiya mu ma da namu laifin. Gwamnati ta keɓe mana wuraren juyewa, ana biyan kuɗi, amma wasunmu kan juye a magudana da tsakar dare don gudun layi da biya. Duk wanda ya kira mota, ya tambayi direban inda zai kai kayan.

Uwargida daga Mile 12:
Ɗan'uwana, ka tuna da kwalarar da ta ɓarke a Legas a watan Yunin 2024. Kafin hukuma ta iso, ku daina ko da wanke kwanuka da ruwan rijiyar nan, domin ƙasar Legas ruwanta a kusa yake, ƙazanta ba ta wahalar ratsawa. Sannan ku haɗa kai da sauran 'yan hayar, ku nemi liman ko mai unguwa ya raka ku wurin mai gidan, don kada ya ɗora maka karan tsana kai kaɗai ya ba ka takardar tashi.