Wayar sola daga kan kwano zuwa inbata: wace kariya kuka yi mata?

Mai tambaya, Katsina: Assalamu alaikum 'yan uwa. Mako mai zuwa in Allah ya yarda za a ɗora mini fanel takwas masu wat 550 a kan kwano. Mai aikin ya ce in zaɓa, ko a zura wayar cikin fayif na roba, ko na ƙarfe, ko a ɗaure ta haka tsirara. Kuɗin ba ɗaya ba ne. Waɗanda suka riga ni, me kuka gani?

Wani malami, Sakkwato: Wa alaikumus salam. Ni dai farin fayif ɗin roba da ake binnewa a bango aka sa mini a kan rufi. Bazara biyu kawai ya yi. Da na hau share ƙurar hunturu na ɗan dafa shi, sai ya farfashe a hannuna kamar ɓawon ƙwai. Wayar ciki kuma ta wutar gida ce, fatarta duk ta tsattsage, ana hango jan ƙarfen. Ranar hantar cikina ta kaɗa, don ɗakin yarana ne a ƙasan wurin.

Mai haɗa sola, Kano: Malam, Allah ya tsare gaba. Alhaji mai tambaya, fara da lissafi. Kowane fanel irin naka yana ba da kusan bolt 50 idan ba a haɗa shi da abin da ke jan wuta ba, takwas a jere kuwa kusan 400 ke nan, kuma wutar DC ce, wato mai tafiya alkibla ɗaya. Wutar gida tana sauya alkibla, shi ya sa tartsatsinta kan mutu da kansa. Ta fanel idan ta kama tartsatsi ba ta saki, tana ci muddin rana na sama, kuma kashe inbata ba ya hana fanel haifar da wuta.

Saboda haka kada a karɓi kowace waya sai ta sola, mai fata biyu, mai jure rana, mai kaurin murabba'in milimita 4 ko 6. A kankare bakinta a gabanka, domin akwai ta alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe. A ƙarƙashin fanel a maƙale ta jikin ƙarfen da ke riƙe da fanel da kilif, kada ta kwanta a kan kwano. Da azahar kwano ba ya taɓuwa, iska kuma na goga wayar a kaifinsa har ta yanke. Farar robar ɗauri ba ta daɗewa a rana, a nemi baƙa ko ta ƙarfe. Kawunan MC4, wato filogin da ake haɗa wayoyin fanel da su, a matse su da abin matsewarsu, kada a murɗe waya a naɗe da salatif. Bireka kuma ta DC za a sa.

Hajiya, Zariya: Ni ɓera ne ya koya mini. Wayar ta bi ta cikin silin babu komai a jikinta. Wata rana bayan la'asar muka ji ƙaurin roba, muka duba kicin babu komai a wuta. Da aka buɗe silin, an gaigaye fatar wayoyin biyu dab da juna, katakon wurin ya yi baƙi ƙirin. Yanzu cikin fayif na ƙarfe take tun daga rufi har ɗakin batir, kuma ban yi nadamar kuɗin ba.

Ɗan kasuwa, Gusau: Hajiya, ni an ce mini ƙarfe yana ɗaukar zafi ya dafa wayar.

Mai haɗa sola, Kano: Yana ɗauka, yallaɓai, idan aka kwantar da shi a kan kwano. A ɗaga shi kaɗan iska ta riƙa bi ta ƙasansa, kada a cusa wayoyi har ya cika, a sa roba a bakinsa don kada ya yanki waya, sannan a haɗa shi da wayar da ke tafiya sandar da aka binne a ƙasa.

Wani daga Maraɗi: Kada ku manta da damina. Nawa fayif ɗin bakinsa na kallon sama, ruwan farko ya bi ta ciki ya sauka kai tsaye a akwatin bireka. Mai gyara ya lanƙwasa wayar ta yi ƙasa kafin ta shiga, yadda ruwa zai ɗiga a waje, ya juya bakin fayif ɗin ƙasa ya toshe. Damina biyu ke nan ban ga laima ba.

Mai tambaya, Katsina: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na kira mai aikin yanzu: waya mai kaurin 6, ƙarfe a kan rufi da cikin silin, roba daga bango zuwa inbata. Ranar Asabar tare za mu shiga kasuwa, in ga an kankare wayar da idona.