Waɗanda suka gwada maganin Bt a gonar taba, me kuka gani?

Manomi daga Giwa: Assalamu alaikum jama'a. Bana tsutsa ta hana ni sakat a gonar taba, sati uku kacal bayan dashe. Koriyar nan ce mai shiga cikin toho, sai ganye ya buɗe ka tarar da shi duk huji. Wani malamin gona ya ba ni shawarar maganin Bt, wani maganin tsutsa da ake yi da bakteriya, na fesa shekaranjiya da hantsi. Yau na zagaya, tsutsotsin na nan a raye. Jabu aka sayar mini, ko haka yake aiki? Don Allah wanda ya taɓa gwadawa da hannunsa ya faɗa mana.

Dattijo daga Soba: Wa alaikumus salam. Ɗana, kwantar da hankalinka. Damina huɗu ke nan ina amfani da shi, kuma shekarar farko ni ma na zaci asara na yi. Mun saba da maganin da kana fesawa tsutsa na zubowa ƙasa, wannan kuwa sai ta ci ganyen tukuna. Da ta ci, cikin 'yan awoyi za ta daina cin abinci, mutuwar ce ke ɗaukar kwana biyu zuwa uku. Koma gonar ka duba ko akwai sabon huji da ɗanyen kashinta a kan ganye. In babu, magani ya kama. Kuskurenka ɗaya, feshin hantsi. Rana na kashe ƙarfinsa, ni sai bayan la'asar sakaliya nake ɗaukar famfo.

Ɗalibin aikin gona, Samaru: Baba ya yi gaskiya. Cikakken sunan Bt shi ne Bacillus thuringiensis, bakteriya ce da ake samu a cikin ƙasa. A Japan aka fara gano ta a 1901 tana kashe tsutsar siliki, aka sake gano ta a Jamus a 1911, Faransa kuma ta fara sayar da ita a matsayin magani a 1938. Tana yin wani sinadarin furotin da ba ya narkewa sai a hanji mai ɗabi'ar kanwa irin na tsutsa, ya huda hanjin. Cikin mutum mai tsami ne, shi ya sa ba ya yi mana haka, ƙudan zuma ma bai dame su ba. Amma iri-iri ne. Ku duba jikin leda ku ga an rubuta kurstaki ko aizawai, su ne na tsutsar ganye. Wanda aka rubuta israelensis na tsutsar sauro ne, ba zai yi muku komai a taba ba. A gonar babana na gwada, ƙananan tsutsotsi sun mutu tas, manyan da suka kai tsawon ɗan yatsa da hannu muka tsince su.

Wani daga Maƙarfi: Ni gaskiya ban ji daɗinsa ba. Sau biyu ina fesawa a watan Agusta, ruwan sama na wanke shi a daren. Ga shi ba kowane shago ke da shi ba, sai na shiga Zariya. Wanda na saya na biyu ma a rana na tarar da shi a shanye gaban shago, ina zaton tun a can ya mutu.

Dattijo daga Soba: Malam, zafi na lalata shi tabbas. Ni a ɗaki mai sanyi nake ajiye nawa, kuma abin da na dama a ranar nake ƙarar da shi, ba ya kwana a famfo. Batun tsutsar toho kuwa, feshi ba ya kai mata sosai domin a ɓoye take. Nakan gauraya garin maganin da tsakin masara, yarana su bi kunya-kunya suna ɗan barbaɗawa a kan kowane toho. Aiki ne mai cin lokaci, amma tsutsar na son masara, da kanta take fitowa ta ci. Abin da ya fi faranta mini rai, zanzaro da rina sun dawo gonar, ina ganinsu suna ɗaukar tsutsa. Da can maganin guba ya kore su, ni kuma kowane feshi sai na kwana da ciwon kai.

Mai noman rani, Hunƙuyi: Ba a taba na gwada ba, a kabeji ne, ya yi mini aiki. Darɓa dai bai taɓa ta ba ko kaɗan, don ita tsotsa take yi ba ci ba. A duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa kafin a biya kuɗi.

Manomi daga Giwa: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Yanzu na dawo daga gona, Baba. Ƙananan sun yi laushi sun fara baƙi, sabon huji kuma kaɗan ne, a layin bakin rafi kawai. Gobe da yamma in hadari bai haɗu ba zan gwada na tsakin masarar a wannan layin.