Taƙaitawa: ɗaga mota da gadar ƙarfe mai karkata

An yi muhawara kan yadda ake ɗaga mota lafiya da irin wannan gada, wadda mota ke hawa tana karkace, sannan ta daidaita don a shiga ƙarƙashi a yi aiki. Inda baki ya zo ɗaya:

1. A kafa gadar a kan daɓen siminti. A ƙasa mai laushi ƙafar gadar ɗaya kan nutse, motar ta zame.
2. Kada nauyin motar ya wuce abin da aka rubuta a jikin gadar.
3. A hau a hankali da giya ɗaya. Da nauyi ya haye tsakiya, gadar za ta daidaita. Nan take a ja birkin hannu, a sa waigi a tayoyi, a kulle ƙafafun gadar da sakata, sannan a shiga ƙarƙashi.

Inda aka rabu shi ne sauke injin alhali motar na kan gadar. Wasu sun ce sakata ta wadatar. Wasu sun ce nauyin zai koma baya, sai an tokare gaba da baya. Ina tare da na biyun.