Iyalan Applegate: masu buɗe hanya ne ko sun jefa mutane cikin wahala?

Malam Sani: Salamu alaikum jama'a. Maganar da na fara jiya ita ce, a tarihin yadda Turawan Amurka suka riƙa ƙaura zuwa yamma da amalanken shanu, ban ga iyalin da suka cancanci yabo kamar Applegate ba. 'Yan uwa ne su uku, Charles da Jesse da Lindsay, sun taso daga Missouri a 1843 cikin ayarin mutum kusan dubu zuwa Oregon, Jesse ne ma ya ja ɓangaren masu garken shanu. Da suka iso kogin Columbia suka shiga kwale-kwale, ɗaya ya kife, ɗan Jesse da ɗan Lindsay suka nitse iyayen suna kallo ba abin da za su iya. Wannan ne ya sa a 1846 su biyun suka fita cikin mutum 15 neman wata hanya ta kudu wadda ba sai an bi kogin ba. Mutumin da ya rasa ɗa ya koma daji don kada wani ya rasa nasa, ai dole a jinjina masa.

Aisha B.: Wa alaikumus salam Malam. Allah sarki, rashin ɗa ba wasa ba, amma fa ka tsaya a rabin labari. Me ya samu waɗanda suka bi hanyar a shekarar farko? Jesse ya je har Fort Hall, wani zango a kan tsohuwar hanyar Oregon, ya tari masu ƙaura ya ja ra'ayinsu su baro hanyar da aka sani, amalanke kusan ɗari suka biyo, alhali hanyar ba a share ta ba, babu amalanken da ya taɓa binta ko sau ɗaya.

Malam Sani: To Hajiya ai kowace hanya sai wani ya fara binta.

Aisha B.: Haka ne amma sai a gaya wa mutum gaskiya ya zaɓa da kansa. Sun ratsa hamadar Black Rock a Nevada inda ruwan ɗan kaɗan ne wani ma na zafi, shanu suka yi ta faɗuwa, suka zo kwazazzabon Umpqua damina ta sauka, babu wurin bi sai cikin rafin kansa, ruwan sanyi da duwatsu da itatuwan da suka faɗo, mutane suka riƙa zubar da kayansu suna barin amalanke suna tafiya a ƙasa da yara a hannu. Akwai wata tsohuwa Tabitha Brown mai shekara 66, sai ranar Kirsimeti ta samu shiga gida a Salem bayan yunwa ta kusa kashe su, kuma a wasiƙarta daga baya cewa ta yi wani ɗan iska ne ya yaudare su suka bar tsohuwar hanya. Ita fa da kanta ta bi.

Ibro Zinder: Ni ina bayan Anti Aisha a nan. Mu da muka gaji fatauci mun san madugu uban tafiya ne, baya barin ayari a baya ya yi gaba. Jesse ya wuce gaba ya bar wa Levi Scott, ɗaya daga cikin mutum 15 ɗin nan, jan mutanen. Kuma in ma yabo za a yi, Scott ne ya sha wahalar, shi ya kai amalanken har cikin kwarin Willamette na Oregon inda masu ƙaurar suka nufa, ya kuma koma a 1847 ya sake jan wani ayari, amma sunan Applegate aka liƙa wa hanyar.

Malam Sani: Ɗan uwa Ibro ba gudu ya yi ba fa. Ya yi gaba ne da 'yan sa-kai don su sare daji su gyara hanya kafin amalanke su iso, matsalar ita ce mutanen da ya samu sun yi kaɗan, aikin ya fi ƙarfinsu. Kuma kai da bakinka ka kawo 1847, ayarin shekarar ya wuce ba tare da irin waccan masifar ba, kenan hanyar tana biyuwa. Sannan ku tuna lokacin da suka fita a watan Yuni 1846 ana fargabar yaƙi da Ingila kan Oregon, kamfanin Hudson's Bay na Ingila mai fataucin fatu ne ke da ƙarfi a bakin Columbia, suna buƙatar hanyar da ba ta hannun Ingilishi. A watan ne aka sa hannu kan yarjejeniyar iyaka amma labari bai iso musu ba tukuna.

Usman K.: Malam ai a shekarar nan dai aka buɗe hanyar Barlow da ta zagaye dutsen Hood, ita ma ta raba mutane da wurin nan mai haɗari na kogin. Da waɗancan sun bi tsohuwar hanya da sun iso da wuri kamar sauran. Shi ya sa J. Quinn Thornton wanda ya rasa kayansa a tafiyar ya yi shekaru yana caccakar Jesse a rubuce, abin ya yi zafi har James Nesmith, mai goyon bayan Jesse, ya ƙalubalanci Thornton su fito su harbi juna a 1847.

Malam Sani: Thornton mutum ne mai riƙo, kowa ya sani. Kuma Barlow ɗin kuɗi ake biya kafin a wuce, gangarenta ma sai an ɗaure amalanke da igiya a jikin bishiya.

Maman Hafsat: Ina ta karantawa tun ɗazu, wallahi abin da ya dame ni daban ne. Duk kuna ta maganar wahalar baƙi, ba wanda ya tambayi ƙasar wa aka ratsa. Kuna cewa sun buɗe hanya kamar ba kowa a wurin. Ɓangaren Oregon ɗin ma tsohuwar turba ce ta 'yan asalin ƙasar da maharban Hudson's Bay, su dai sun nemo inda amalanke zai iya bi ne suka haɗa ta da kogin Humboldt. Hanyar ta bi ta bakin tafkin Tule, tsakiyar ƙasar ƙabilar Modoc, da kwarin Rogue na ƙabilar Takelma. Dubban shanu suna cinye ciyawa suna tattake wuraren da mata ke haƙo saiwar da suke ci, daga nan aka fara kashe-kashe, Modoc su far wa ayari, baƙi su rama, har wani jagoran baƙin, Ben Wright, da mutanensa suka yi wa Modoc kisan gilla a 1852.

Usman K.: Gaskiya Maman Hafsat, kuma iyalin ba su fita daga labarin ba. Lindsay ya zama wakilin gwamnati a sansanin Klamath inda aka tura Modoc, Jesse kuma ya ɗan zauna a kwamitin sulhu lokacin yaƙin Modoc na 1872 zuwa 1873.

Malam Sani: Wannan ban musa ba Hajiya, zalunci ne. Amma ko babu Applegate Turawan nan za su zo, zinaren California na 1849 kaɗai ya isa ya kwararo da su. Ba za a ɗora wa mutum biyu laifin ƙasa guda ba.

Maman Hafsat: Malam ba duka na ɗora musu ba, nasu kason nake nufi. In za ka ba su ladan hanyar da sunansu to ka haɗa musu da abin da ta jawo. Su suka zaɓi ta bi ta tafkin Tule, kuma shekara 27 bayan nan aka rataye Kintpuash shugaban Modoc a Fort Klamath, aka kwashe mutanensa a jirgin ƙasa zuwa inda ake kira Oklahoma yanzu.

Ibro Zinder: Ni dai har yanzu ina kan maganar Scott. A jihar Oregon akwai kogin Applegate akwai kwarin Applegate, shi kuma akwai ɗan garin Scottsburg da ya kafa da kansa a bakin Umpqua, kuma shi ne ya tsaya da mata da yara a cikin rafin nan.