Kilim ɗina na kasawa da azahar: in sayi babba ko in ƙara na biyu?

Mai Fotokofi Yelwa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da shagon fotokofi da buga takardu a unguwar Yelwa, nan Garwa. Tsawonsa mita 6, faɗinsa mita 5, rufin kwano da silin na falanki siriri. Ƙofar ta gilashi ce, tana kallon yamma. Akwai kwamfuta shida da injin fotokofi ɗaya, in ɗalibai suka taso kuwa sai ka ƙirga mutum takwas a ciki.

Bara na sa kilim, wato esi a bakin 'yan'uwanmu na Najeriya, mai ƙarfin doki ɗaya da rabi. Da hunturu lafiya lau. Amma tun da Maris ya kama, daga ƙarfe ɗaya har la'asar sakaliya sai ka ce fanka ce. Na sa rimot a 16, a banza. Yaron da ke min gyara ya zo sau uku, kullum "Patron, gas ya ƙare", ya ƙara, ya karɓi kuɗinsa, bayan sati biyu a koma gidan jiya. Shekaranjiya wata hajiya ta tsaya daidai ƙarƙashin kilim ɗin tana fifita da fayil ɗin ɗanta, kamar in nutse don kunya. In sayar in sayi mai doki uku ne, ko in ƙara na biyu?

Injiniyan Marwa:
Wa'alaikumus salam Alhaji. Kafin ka taɓa aljihu zo mu yi lissafi. Doki ɗaya da rabi yawanci BTU 12,000 ne a ma'aunin ƙarfin sanyaya ɗaki, wato yana iya kwashe zafi kusan wat 3,500. Duk wutar da na'ura ta sha a cikin ɗaki zafi take komawa. Kwamfuta shida, a ce wat 150 kowace da allonta, 900 ke nan. Injin fotokofi a ƙaddara 500. Mutum a zaune yana fitar da wat 100 da ɗoriya, takwas sun kusa 1,000. Ka ga mun cinye 2,400 ba mu ko leƙa waje ba.

To ga rufi. Kwano a tsakar ranar bazara ba ya taɓuwa da hannu, falankin nan kuma ba abin da yake tarewa. Ko wat 50 kacal muka ɗauka kan kowace murabba'in mita, sau 30 ya ba da 1,500. Gilashin yamma shi ne babban ɓarawon: rana in ta karkata tana shigowa kai tsaye, ƙofa mai murabba'in mita 4 za ta iya zubo maka abin da ya kusa 2,000. Ban sa bango ba, ban sa iskar da ke shigowa duk buɗe ƙofa ba, mun doshi 6,000. Ƙiyasi ne na zaune, amma ya isa ka gane an ɗora wa jaki kayan raƙumi.

Ni dai da shagona ne, da rufi zan fara. A shimfiɗa audugar gilashi ko farin soso mai kaurin santimita 5 a bisa silin, a buɗe kafofin iska tsakanin silin da kwano, a yi rumfa gaban ƙofa. Rumfar a waje fa, don labule a ciki sai zafi ya riga ya shigo yake tare shi. In ka yi haka mai BTU 18,000 zai iya riƙe ka.

Mai Gyaran Sanyi Kusiri:
Lissafin Injiniya ya yi, sai dai ya tsallake maganar gas. Alhaji, gas ba fetur ba ne, ba ya ƙonewa, zagayawa kawai yake a cikin bututu. In yana raguwa to yoyo ne, kuma galibi a bakin mahaɗar bututun tagulla, inda ake ɗaure noti. Ka sa yaron ya shafa kumfar sabulu a gabanka, ka kuma duba ko akwai maiƙo a wurin. In an gano a sake faɗaɗa bakin bututun, a zuƙe iska da famfo, sannan a zuba gas da sikeli daidai nauyin da aka rubuta a jikin injin. Ka karanta takardar da ke gefensa: in nau'in gas ɗinsa R410A ne ko R32, kada wani ya cusa maka R22.

Wai ma ina ka kafa injin waje, wato ɓangaren kilim ɗin da ke fesar da zafi?

Mai Fotokofi Yelwa:
A jikin bangon gaba, gefen ƙofa. Na sa an yi masa kejin ƙarfe da faranti a gaba saboda ɓarayi.

Mai Gyaran Sanyi Kusiri:
Haba Alhaji! Rana na dukansa, faranti kuma na mayar masa da iskar da ya fesar. Ƙarfin da aka rubuta a kwali a zafin waje digiri 35 aka auna shi, ku kuwa a Afrilu kuna haura 40. Shi ya sa kwamfuresa, wato injin da ke matsa gas ɗin, ke tsayawa da azahar don ta kare kanta, fankar ciki ta yi ta juyawa ba sanyi. A cire farantin a sa raga mai faɗin ido, a yi masa inuwa daga sama, a wanke ƙurar hunturun da ta toshe bayansa da ruwa bayan an kashe wuta. In za ka sayi sabo ka nemi mai alamar T3, shi a digiri 46 ake gwada shi.

Ɗan Njamena:
Mu nan da yawa mun koma na'urar ruwa mai jiƙa iska, wuta kaɗan take ci, a bazara kuma tana yi sosai. Amma dole a bar ƙofa ko taga a buɗe, kuma da damina ta faɗi amfaninta ya ragu. Ga mai takarda ban ba da shawara ba, danshi zai sa injin fotokofinka ya riƙa cin takarda.

Mai Fotokofi Yelwa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Yau da safe na tsare yaron ya yi gwajin sabulu, sai ga kumfa na tashi a ƙaramin noti. Mai walda zai zo gobe ya yanke farantin. Injiniya, tsakanin audugar gilashi da farin soso wanne ɓera bai cika yi wa ɓarna ba? Silin ɗin nan da dare kamar kasuwa yake.