Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: shin ta hau kan Max Aitken?

Bakatsine: Jama'a ina neman ra'ayinku. Muna cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, sai na ci karo da tarihin wani Bature da ya sa ni tunani. Sunansa Max Aitken, an haife shi a Montreal ta Kanada a 1910, ɗa ne ga Lord Beaverbrook mai jaridar Daily Express ta Ingila. A yaƙin duniya na biyu, firaministan Birtaniya Churchill ya naɗa uban a matsayin ministan ƙera jiragen sama a watan Mayun 1940, shi kuwa ɗan yana can sama yana tuƙa jirgin Hurricane a runduna ta 601, wadda ake wa laƙabi da rundunar attajirai, har ya shugabance ta. Bayan uban ya rasu a 1964 jaridun suka dawo hannunsa, amma a 1977 aka sayar da su ga wani kamfani mai suna Trafalgar House. To wannan gudu ya yi ko rarrafe?

Malamin Hausa: Malam, karin maganar ba ta ce dole ɗa ya bi sana'ar ubansa ba. Hali take nufi da kuzari, abin da ke cikin jini. Uban mutum ne mara tsoro, mai kutsawa inda wasu ke ja da baya, ɗan ma haka. Ya jagoranci runduna ta 68 mai farautar jiragen Jamus cikin dare, daga baya aka ba shi rundunar Banff a Scotland, masu jiragen Mosquito da ke kai wa jiragen ruwan Jamus hari a gaɓar Norway. Ya samu lambobin yabo na DSO da DFC. Wanda ya yi wannan ba a ce masa mai rarrafe.

'Yar Damagaram: Malam, da girmanka, ban yarda ba. In Bahaushe ya faɗi wannan magana, a fagen uban yake faɗarta. Ɗan maƙeri ya riƙe guduma da kyau, a ce barewa ba ta gudu. Ba a taɓa faɗa wa ɗan maƙeri ita don ya iya kokawa. Beaverbrook bai taɓa tuƙa jirgin yaƙi ba, gudunsa a jarida yake. Ya karɓi Daily Express a 1916, ya kai ta har tana sayar da kwafi sama da miliyan 4 a rana. A hannun ɗan ta riƙa ja da baya har ta bar gidan. Wadda ta dace a nan ita ce kyan ɗa ya gaji ubansa, kuma da ita za a auna shi.

Malamin Hausa: Hajiya, ai kin kawo wata karin maganar daban. Kyan ɗa ya gaji ubansa fata ce da nasiha, abin da ake so ya kasance. Ta barewa kuwa shaida ce ake bayarwa bayan an ga abu da ido.

Ɗan Tasha: Ku tuna fa ba kullum yabo ba ce. A tasha in yaro ya zame wa mutane fitina kuma an san ubansa, ita ake jefa masa ana dariya.

Dattijon Zango: 'Ya'yana, akwai abin da kuka tsallake. Kwana uku da rasuwar uban, Max ya ajiye sarautar Lord da ya gada, ta hanyar dokar da majalisar Ingila ta yi a 1963 mai ba magaji damar ƙin karɓa. Dalilin da ya bayar shi ne muddin yana raye Lord Beaverbrook ɗaya ne. Ya tsaya a kan Sir Max. Ni a wurina mutumin da kansa ya yanke hukuncin da kuke ta ja a kai: ya san ba zai cika rigar ubansa ba, bai kuma yi ƙaryar ya cika ta ba. Ƙalilan ne cikin 'ya'yan manya za su iya haka.

Sannan ku yi masa adalci kan jaridar. Kasuwar da ya tarar ba ita uban ya taso a ciki ba. Talabijin ya shiga gidaje, attajirin jaridu Rupert Murdoch ya sayi jaridar The Sun a 1969 ya fara kwashe masu karatu, Daily Mail ta rage girman shafinta a 1971 ta ja wasu. Ko uban ne ke raye sai ya ji jiki.

'Yar Damagaram: Baba, na karɓi maganar kasuwa. Amma hankalinsa ma ya rabu. Ya yi ɗan majalisa mai wakiltar mazaɓar Holborn ta London daga 1945 zuwa 1950, kuma shi ya kafa tseren kwalekwale masu inji daga Cowes zuwa Torquay, garuruwan bakin teku a kudancin Ingila, a 1961. Mai son gudu ne ƙwarai, a sama da a ruwa. Tebur ɗin edita ne bai dace da shi ba.

Bakatsine: Kenan Hajiya kin yarda ya yi gudu?

'Yar Damagaram: Na yarda ya yi gudu, ban yarda gudun barewar da ta haife shi ba ne. In za ku faɗa masa karin maganar, ku faɗa a kan 1940, ku bar ta a can.

Malamin Hausa: A kan 1940 ɗin dai mun haɗu. Uban na ƙera jirage a ƙasa, ɗan na yaƙi da su a sama. Na 1977 kuwa sai dai mu ci gaba da ja.